Shanyar da Ta Tare Babura

Faɗanmu na farko da Uwar Kumfa a kan gishiri ne, kuma har gobe ni ce da gaskiya.

Ina zaune ƙofar ɗakina da ɗan teburina, na jera sabulu da ashana da gishirin da nake ƙullawa a leda, sai na ji ɗis, ɗis, a tsakiyar kaina. Na ɗaga ido sama, babu hadari. Ashe zanin gado ne jiƙe sharkaf, an rataye shi a igiyar da aka ja daga ginshiƙin ɗakina zuwa na ɗakin da ke kallonmu, ta ratsa layin gaba ɗaya. Iska ta kaɗa shi, ya tsiyaye a kwanon gishirina har ya narke.

Na ce, "Ke 'yar nan, wa ya ba ki aron ginshiƙina?"

Tana durƙushe gaban baho, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Iya, ashe naki ne? Na ɗauka na masu agaji ne, duk aro muke ci."

"Gishirin fa? Shi ma na masu agajin ne?"

"Ja teburin baya kaɗan."

"Ni zan ja? Na riga igiyarki zuwa wurin nan."

"Ni kuma 'yata ta riga gishirinki zuwa duniya."

Na faɗa mata abin da ya zo bakina, kuma bakina ba ya zuwa hannu sake. Ta bar ni na gama, ta matse wata riga, ta miƙe ta ƙara ta a kan igiyar, dab da zanin gadon. Ranar ban san dalilinta ba. Da na sani ma sai na yi faɗan, don gishiri dai ya riga ya narke.

Wurin da muke zaune lokacin ba gidan kowa ba ne. Ruwa ne ya cinye unguwannin da ke bakin kogi, aka kwaso mu aka zube a wani fili, aka ce mu ɗan zauna kafin a gina mana. Ɗakuna ne na kwano da katako, an jera su sahu-sahu, ƙofa na kallon ƙofa, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci. In ya yi tari sai ka ce masa sannu. Tsakanin kowane sahu biyu akwai layi, an miƙe shi sambal kamar an ja zare. Namu shi ne ya taso daga babbar ƙofa ya gangara har famfo, saboda haka duk mai babur da ya ɗauko fasinja ko jarkoki, ta nan yake bi, kuma gangarar tana ɗebe masa kunya.

Waɗanda suka tsara wurin ba su manta da yara ba, kada a yi musu ƙarya. Sun ware musu fili, har da lilo da aka shafa wa fenti ja da shuɗi. Sai dai filin yana can ƙurya, bayan makewayi, jikin shingen waya, inda uwa ba za ta hango ɗanta ba ko ta hau rufi. Wace uwa ce za ta tura mai tatata can? Awaki suka gaji lilon. Yara kuwa suka yi wasa inda yara ke wasa tun da aka halicci duniya, wato bakin ƙofa, inda suke jin ƙarar tukunyar uwarsu. In ka yi ƙorafi, amsar kowa ɗaya ce: kwana nawa ne, ai na wucin gadi ne. Da wannan maganar aka ƙi dasa ko da barkono a gwangwani. Da ita wasu suka ƙi kwance ƙullin kayansu.

Uwar Kumfa ita ce bangona na dama. Yara ne suka sa mata sunan, don ba a ganin hannunta sai da kumfa har gwiwa. Wanki gadonta ne. Ubanta wankau ne, kuma ta sha ba ni labari ta jikin kwano cewa farkon abin da take tunawa a duniya shi ne tana zaune a kan ƙullin kayan mutane a bayan kekensa, tana riƙe da rigarsa. Shi ya koya mata cewa farin kaya ba a shanya shi a birkice, kuma mai wanki ba ya faɗin abin da ya gani a aljihun mutane. Ta yi wa ma'aikatan asibiti wanki, ta yi wa wani gidan saukar baƙi, har sabulu ya cinye zanen yatsunta. Ranar da ake mana rajista, na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ta ƙememe. Yaron da ke kan na'urar ya goge, ya sake dangwala, ya ce, "Mama, ba ki da yatsa." Ta ce, "Yana jikin rigunan mutane, ka je ka tattaro."

Mijinta birkila ne, ya faɗo daga gini ya rasu tun tana da cikin Auta. Manyan 'ya'yanta kowa ya kama gabansa. Sai ita da yarinyar.

Auta tana da 'yan watanni baho na ƙarfe ya suɓuce wa uwar ya faɗi a kan siminti, dab da inda take kwance. Kajin maƙwabta suka watse, jaririya ko ƙiftawa ba ta yi ba. Uwar ta ɗauki bahon ta sake sakinsa da gangan. Shiru. Ta ce mini ita kanta ba ta yi kuka ba, ta zauna ne kawai ta ƙarasa wankin ranar, don masu kaya suna jira.

A tsohuwar unguwarsu rashin jin Auta bai zama abin tashin hankali ba. Lungunan can ƙanana ne, sun karkace, ga matattakala ga kwata, ko keke sai an tura. Kowa ya san yarinyar. In ka zo ta bayanta sai ka taɓa kafaɗarta. A sabon wurin kuwa an gauraya mutanen unguwanni da yawa, babu wanda ya san 'yar wa ce, ga layi a miƙe. Ba a jima ba wani mai babur ya gangaro da jarkoki, yana ta danna hon, Auta tana tsugune tsakiyar layi tana jera murafen kwalba, ta ba shi baya. Ya kauce da ƙyar, salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi, ta lashe mata ƙauri. Ya tsaya yana ta masifa, wai tun daga ƙofa yake hon, wace irin yarinya ce wannan mai taurin kunne.

Uwar ta ce, "Ba ta ji."

Ya ce, "To ki ɗaure ta mana."

Abin da ta yi ke nan. Kada wanda bai haifa ba ya zage ta. Wanki sai an je famfo, an dawo, an sake komawa, ba za a goya yarinyar da ta isa aike ba. Ta yanko daga igiyar shanyarta, ta naɗe da tsumma don kada ta ci fata, ta ɗaure ƙafar Auta a ƙafar gado. Tsawon igiyar ya kai bakin ƙofa, bai kai layi ba.

Ni ce shaidar abin da ya biyo baya, don kaina yana jikin bangon. Yarinyar ba ta iya kuka irin na yara ba, wani gurnani take yi daga maƙogwaro. Da ta gaji da shi sai ta koma buga goshi a jikin kwano, gwaf, gwaf, daga safe har rana ta karkata. Ta daina cin abinci. In uwar ta dawo ta miƙa hannu za ta ɗauke ta, sai ta juya wa bango fuska. Yarinyar da ke magana da hannu da ido ta rufe ido, ta cusa hannuwa a hammata. Wannan ne ya fi ƙunar salansa ciwo a wurin uwar.

Wata safiya ta durƙusa za ta ɗaura igiyar kamar kullum. Auta ba ta yi gardama ba, ta miƙo ƙafar da kanta. Uwar ta tsaya da igiya a hannu tana kallon ƙafar da aka miƙo mata. Na ji ta tana magana ita kaɗai. Ta ce, "Ita ba ta taka kowa ba, ita na ɗaure. Masu takawa suna yawo." Ta kwance igiyar daga ƙafar gado, ta ƙulla ta da sauran, ta fito waje. Igiya ɗaya ta ja a bakin layi ta sama, wajen ƙofata, ɗaya ta ƙasa wajen famfo, ta cika su da jiƙaƙƙun kaya. Sannan ta buɗe ƙofa ta turo Auta waje. Ranar ce gishirina ya narke.

Dabarar ba ta da wuya. Yaro yana wucewa ta ƙarƙashin shanya, babba yana ɗaga gefe ya sunkuya, mai babur kuwa sai ya tsaya ya sauka, in ba ya son jiƙaƙƙen bargo a fuska. Kafin mako ya zagayo layin ya cika da yara kamar an buɗe akurki. Har na wasu layukan suna zuwa. Suka zana gidajen wasa a ƙasa da gawayi, suka yi motocin gwangwani, masu rarrafe suka fito suna cin ƙasa a gaban iyayensu. Auta ce sarauniyarsu. Tun da ba ta jin su, su suka koyi nata. Sai ka ga yara sun yi cincirindo suna gardama mai zafi, ba ka jin ko uffan, hannuwa kawai ke tashi. Ni ma sun ba ni suna da hannu: a tsuke baki, a nuna shi da yatsa. Na gane, ba sai an fassara mini ba.

Masu babur ba su ji daɗi ba, kuma babban mai baki a cikinsu ɗana ne. Zagayawa ta bayan makewayi tana cin mai, ga rami ga wari. Ni ma ban ji daɗi ba, don fasinjojin da ake saukewa a ƙofata su ne masu sayen ashanata.

Ran nan da yamma ɗana ya taho a guje, rana a idonsa, kuma an yi rashin sa'a Uwar Kumfa ta kwashe kayan da suka bushe ba ta kai ga rataya wasu ba. Igiya tsirara ba ta ganuwa. Ta kama shi a ƙirji ta watsar. Babur ya yi gefe, shi ya yi gefe, fatar hannunsa ta saɓule daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Da ta ɗan ƙara sama kaɗan, a maƙogwaro za ta same shi, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Uwar Kumfa ce ta fara isa wurinsa da ruwa da tsumma mai tsabta. Ya ture hannunta, ya zaro wuƙa daga aljihu, ya yanke igiyar sama, ya gangara yana ɗingishi ya yanke ta ƙasa, ya dunƙule su ya jefa a ƙofata. Na ɗauki ɗaya na ɗaure buhun gawayina da ita. Igiya ce mai kyau.

Washegari aka yi taro a inuwar tankin ruwa. Akwai wani tsohon tela da muka zaɓa ya riƙa shiga tsakaninmu da masu agaji, muna ce masa Ciyaman, mutum mai son farar riga da dogon bayani. Ya yi bayaninsa, kuma ba duka ne shirme ba. Ya ce an yi layin da faɗi ne don motar asibiti da ta kashe gobara. Ya ce igiya a kan hanya tarko ce, ga hannun yaro nan kowa ya gani. Ya ce yara suna da filinsu.

Uwar Kumfa ta ce, "Baba Ciyaman, jikokinka a can suke wasa?"

Ya gyara hula. "Ba maganar jikokina ake ba."

"Jiya na ga ƙaramin a ƙofata yana cin ƙasa. Ta fi ta bayan makewayi daɗi, shi ya sa."

Aka yi dariya, amma dariya ba ta hana hukunci ba. Ciyaman ya ce daga yau babu mai sake ratsa layi da igiya. Wani daga cikin masu babur ya ƙara da cewa su ma sun daina kai mata wanki, su da matansu. Ta san me wannan ke nufi, don su ne rabin masu kawo mata kaya. Ciyaman ya sassauta murya ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Zaman na wucin gadi ne."

Ta ce, "Ƙuruciyar ma ta wucin gadi ce, Baba. Kafin ku gama ginin nan ta ƙare." Sai ta gyara ɗaurin zaninta ta tambaya, "Igiya aka hana, ko shanya?"

"Igiya."

"Shanya fa?"

"Ki yi shanyarki inda kika ga dama. Wa zai hana mai wanki shanya?"

"Kowa ya ji ko?"

Kowa ya ji.

Ranar Auta a ɗaki ta wuni, ba a ɗaure ba, uwar ta zauna da ita ta ƙi zuwa famfo. Babura suka dawo layin, har da masu ƙara wuta a daidai ƙofarta don ta ji. Da la'asar ta kama hannun yarinyar suka shiga bin ɗakuna. Ba wurin matan masu babur ta je ba, wurin uwayensu ta je. Tsofaffi irina, masu ciwon baya, waɗanda surukai ke wanke wa kaya da rabin zuciya. Ta ce kyauta za ta yi mana, har da guga. A ƙarshe ta zo ƙofata.

Ta ce, "Iya, kawo zannuwanki."

Na ce, "Don ki narkar da su kamar gishiri?"

"Kawo mai ruwan goron nan da kike ji da shi."

"Ke da ɗana ya kusa mutuwa a hannunki?"

"Na sani. Shi ya sa na bar igiya. Kyauta ne fa, Iya."

Na ba ta. Ban ce don na goyi bayanta ba ne. Ni dai ban taɓa ganin dalilin ƙin kyauta ba.

Gari na wayewa ta share layin tas, ta yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ta shimfiɗa tsofaffin buhuna daga wannan bango zuwa wancan, a bakin layi ta sama da ta ƙasa. A kansu ta baje wankinta, ta danne gefuna da duwatsu, ta bar 'yar siririyar hanya a jikin bango, daidai tafin ƙafar mutum. Zanina mai ruwan goro shi ne a sahun gaba. Da shi na goyi ɗana, ya san shi kamar yadda ya san fuskata. A tsakiya kuwa, an baje hannuwanta kamar mai shirin tashi sama, babbar farar rigar Ciyaman ce. Matarsa ce ta bayar, ta ce ita ma bayanta ciwo yake.

Ɗana ne ya fara zuwa, hannu a naɗe da bandeji, wasu uku a bayansa. Ya ja birki, tayar gaba ta tsaya dab da bakin zanin. Ya dubi zani, ya dube ni. Ina zaune a kujerata ina ƙulla gishiri.

Ya ce, "Iya, ki ce ta kwashe."

Na ce, "Ni na shanya?"

"Naki ne ai."

"Ashe ka gane shi. To taka. Taka in gani, in san abin da na goya."

Na bayansa ya leƙo yana cewa a bi ta kai kawai, sai ya hango lulluɓin tasa uwar a sahu na biyu, ita kuma tana tsaye a ƙofa ta riƙe ƙugu. Ya haɗiye sauran maganar. Uwar Kumfa tana can gaban bahonta tana cuɗa. Ɗana ya daɗe a tsaye, injin yana ta kuka a banza. Daga baya ya kashe, ya jingine babur a bakin layi, ya ce wa fasinjarsa ta ƙarasa da ƙafa. Ciyaman ya iso da sauri don an gaya masa an karya doka, ya yi tozali da rigarsa. Ya zagaya ta, ya sunkuya ya duba wuyan, ya ga ya fita fes yadda bai taɓa fita ba. Ya ce, "Ai ba igiya ba ce." Ya wuce.

Uwar ta tashi ta buɗe ƙofa. Auta ta leƙo, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta fito da murafen kwalbarta a cikin gwangwani.

Kada a ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Wankin tsofaffi ba ya kawo ko sabulun da aka yi shi da shi, kuma dole kullum a sami abin shimfiɗawa, ko da wanda aka wanke jiya ne a sake jiƙa shi. Zanina ya sha wanki har ruwan goron ya koma ruwan toka. Masu babur sun daɗe ba su mayar mata da kayansu ba. Ta koma bin gidajen cikin gari da ƙafa tana neman wanki, ta dawo da ƙulli a ka. Yatsunta suka tsattsage, in ta sa su a ruwan sabulu sai ta ciji leɓe. Sau da yawa ina jin ta ta jikin kwano tana kankare tukunya ta ba yarinyar, ita ta sha ruwa. In na miƙa mata wani abu ta saman bango sai ta ce ta ƙoshi. Sai na ce ba ke na ba, Auta na ba, ki bar yi mini iyayi.

Maganar motar asibiti kuwa, ranar da naƙuda ta kama matar mai gyaran rediyo da tsakar rana aka ga amsarta. Mota tana shigowa babbar ƙofa, Auta ce ta fara ganin fitilar tana juyawa. Ta ɗaga hannu biyu ta kaɗa, yara suka zube a kan shanya, kowa ya sunkuci abin da ke gabansa. Kafin direba ya gama karyo kwana layi ya zama fili. Tun farko uwar ta koya musu, ta mayar musu da shi wasa.

Da damina ta kama na ce to, yau ƙaryar shanya ta ƙare. Sai ga ta ta fito da bahunanta da bokitai ta jera a layi, ɗaya nan ɗaya can, a karkace, wai tarar ruwan sama take. Wa zai hana mace tarar ruwa? Sauran mata suka fito da nasu. Da ruwa ya yi yawa aka rasa yadda za a yi da shi, sai wata ta cika tsohuwar roba da ƙasa ta dasa tumatir, wata ta dasa barkono, mutanen nan da suka rantse ba za su dasa komai ba. Kafin rani ya dawo layin ya zama sai ka yi ta lanƙwasa kamar maciji kafin ka kai famfo, kuma duk abin da ke kan hanya mutum biyu za su iya ɗauke shi. Masu babur suka kafa rumfa a bakin layi, nan suke jiran fasinja. Na matsar da teburina kusa da su, ciniki ya fi na da. Ban gode wa Uwar Kumfa ba, don ba domina ta yi ba.

Ɗana bai sake gaishe ta ba. Amma da matarsa ta haihu, ban san yadda aka yi tsummokan jaririn suka sami hanyar bahonta ba, kuma a layin nan ɗan ya koyi tafiya, Auta tana riƙe da yatsansa.

Da aka kawo wasu mutanen da gobara ta kora, aka zo ƙara ɗakuna, wata matashiya mai zanen gine-gine ta wuni a layinmu. Ta zauna a kan bokiti tana kallon yara, ta sayi ashana a wurina ba don tana buƙata ba. Sababbin layukan da aka yi ba su miƙe ba. Ɗakuna suka kewaye ɗan fili, ƙofofi suna kallonsa, hanyar mota ta bi ta baya, aka ciro lilon nan daga hannun awaki aka kafa a tsakiya. Ko a wurinmu ta gani, ko da ma ta san abinta, ban tambaye ta ba. Uwar Kumfa da aka gaya mata cewa ta yi, "Su kam sun huta da wankin banza."

Zaman da aka ce na 'yan kwanaki ne, sai da Auta ta zubar da haƙoran gaba, sababbi suka fito, ta kai uwarta kafaɗa. Tabon salansa yana nan a ƙaurinta, shi kaɗai, ba a ƙara mata wani ba. Sannan aka ce gidaje sun samu. Ba wuri ɗaya aka kai mu ba, an rarraba mu ne. Ni na bi ɗana. Ita aka ba ta can wata sabuwar unguwa a ɗaya gefen gari. Wanda ya je ya gani ya dawo yana yabo, wai tituna ne shimfiɗa-shimfiɗa, a miƙe, an zuba kwalta, in ka tsaya a wannan ƙarshen kana hango wancan. Kowa ya ce ta yi sa'a. Na dubi fuskarta, ita kuma tana duban Auta.

Ranar tafiya motar kaya ta shigo har ƙofarta, yara suka janye robobin tumatir suka ba ta hanya. Aka loda gado, aka loda bahuna a cikin juna, aka ɗora Auta a kan ƙullin kaya kamar yadda aka taɓa ɗora uwarta a bayan keke. Yaran layi suka tsaya suna ta magana da ita da hannu. Na shiga ɗaki na kwance buhun gawayina, gawayin ya zube a ƙasa, na bar shi. Na fito da igiyar, da ƙulle-ƙullenta da inda wuƙar ɗana ta bi, na cilla mata a cinya.

Ta juya ta a hannu ta ce, "Iya, ai an hana."

Na ce, "Nan aka hana, kuma nan ɗin ma an tashe shi."

"Kin yafe gishirin ke nan?"

"Ban yafe ba. Ina bin ki har lahira."

Ta yi dariya, direba ya tayar da mota. Ban sake ganinta ba tun daga ranar, gari ya yi faɗi, ƙafata kuma ta yi nauyi. Na bi motar 'yan taku ina dafa ƙarfen baya, na ɗaga murya don injin yana ƙara.

Na ce, "In kin isa, kada ki tsaya gaishe da maƙwabta. Ki fara ɗaurawa, ki cika ta da kaya yadda makaho ma zai gani, gaisuwa ta biyo baya. In akwai wata tsohuwa mai tebur a wurin, ki jiƙa mata gishiri, za ta saba."